In an ɗauke wuta alam ɗinmu yana kunne amma saƙo ba ya zuwa waya, me zan sa wa suwic?

Mai_Sito

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar wuta da na netiwok ku taimaka min da shawara. Ni nake kula da siton kawuna a wajen Dawanau, riɗi da zoɓo muke ajiyewa, gini biyu ne, na gaba mai ofis da na baya inda kaya suka fi yawa. An haɗa mana alam mai sansar ƙofa da ta motsi da ta hayaƙi, akwatinsa yana ginin baya, sai kyamara 8 irin waɗanda waya ɗaya ce take kai musu wuta ta kuma ɗauko hoto, an ce duk sun haɗu a suwic ɗin PoE da ke ofis, wato akwatin da ke haɗa wayoyin netiwok ya kuma ba kyamarorin wuta ta cikinsu, daga nan zuwa NVR mai ajiye hotunan kyamara da rauta mai SIM da ke ba da intanet. Duk abin da ya faru a wayata da ta Kawu yake shigowa.

Matsalar ita ce da zarar an ɗauke wuta da daddare sai wayata ta nuna alam ya sauka daga layi, ko minti ɗaya ba a yi. Kyamarorin baya guda 3 su ma nan take suke ɓacewa, na gaba kuma sukan ɗan jure kamar minti 15 haka sannan UPS, akwatin batirin da ke riƙe kayan ofis in an ɗauke wuta, ya fara kuka ya mutu, shikenan kuma sai an kawo wuta. Abin da yake ɗaure min kai shi ne maigadi yana ce min fitilar akwatin alam ɗin a kunne take har gari ya waye, wato shi bai mutu ba kenan, to in bai mutu ba me ya hana shi turo min saƙo? UPS ɗin 650VA ne, bara aka canja masa batir amma ban ga wani bambanci ba. Janareta muna da shi amma da rana kawai ake tadawa in ana gyaran riɗi, kuma ko an tada shi sai UPS ɗin ya yi ta ƙas-ƙas-ƙas kamar ba ya son wutar.

Wani ya ce in sayi UPS babba mai 2000VA, wani ya ce in cire batirin ciki in jona masa na mota, wani kuma ya ce inbata da sola kawai. Kuɗin ba nawa ba ne, Kawu zan je in yi wa bayani kuma shi mutum ne da sai ka gaya masa inda kowace naira za ta shiga. Ina son abin da zai kai mu daga magariba zuwa safiya aƙalla, in da hali ma kwana guda cur. Na gode, Allah ya saka.

Dan_Sola

Wslm. Oga karka bata kudinka akan UPS wlh, shi anyi shine dan mai kwamfuta ya samu ya adana aikinsa ya kashe, ba dan ya kwana yana aiki ba. Kasa inbata karami 1.5kVA na 24V, ka duba jikin kwalin kaga an rubuta pure sine wave, sai batirin litiyom 25.6V 100Ah da fanel na sola kamar 700W zuwa 800W, ka dora komai akai harda fitilun harabar in kanaso ka manta da wata NEPA. Munyi irinsa da yawa a shaguna, magana ta kare.

Mai_Kebul

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka sayi komai ka tsaya, matsala biyu gare ka ba ɗaya ba, kuma ta farkon ba ta batir ba ce sam. Ka ce alam da kyamarorin baya nan take suke ɓacewa, na gaba kuma sai UPS ya mutu. Da a ce duk 8 ɗin daga suwic ɗin ofis suke shan wuta da tare za su ɗauke. Ina kyautata zaton akwai wani ƙaramin suwic a ginin baya, waya ɗaya ce ta taso daga ofis ta shiga cikinsa shi kuma ya raba wa kyamara 3 da akwatin alam, kuma an soka adaftarsa a soket ɗin bango kai tsaye. Masu haɗawa suna yawan yin haka saboda wayar netiwok ba ta wuce mita 100, ko kuma don a rage kuɗin waya kawai. Je ka ƙirga wayoyin da suka shiga suwic ɗin ofis, in ba ka samu 8 na kyamara ba to ka hau sama a ginin baya ko ka leƙa bayan akwatin alam. In haka ne, ko ka sa batirin da zai ɗauki unguwa a ofis alam ɗinka zai ci gaba da sauka.

Shi akwatin alam ba abin mamaki ba ne ya kwana a kunne, yana da nasa batirin a ciki, yawanci 12V 7Ah, kuma abin da yake ja kaɗan ne ƙwarai. In an ɓalle ƙofa jiniya za ta yi kuka. Amma saƙon da zai zo wayarka sai ya bi ta suwic ɗin baya, ya bi ta na ofis, ya shiga rauta sannan ya hau sabis, ko ɗaya daga cikinsu ya mutu to sai dai maigadi da ɓerayen sito su ji jiniyar.

Yanzu UPS. Wannan 650VA ba lokaci yake nufi ba, nauyin da zai iya ɗauka a lokaci guda ne. Lokaci yana cikin batir, kuma irin wannan UPS ɗin batir ɗaya ne a cikinsa, 12V 7Ah, ka ninka su ka samu wat-awa 84 a rubuce, wato wat 84 na tsawon awa ɗaya. Kyamarar PoE ƙarama tana jan kamar wat 4 zuwa 7, da daddare ta fi ja saboda fitilun nan jajaye na ganin dare suna kunne, mu ɗauka duka 8 ɗin a kan UPS suke, mu ce 6 sau 8 ya zama 48. NVR da faifansa na ajiyar hoto mu ce 15, rauta mu ce 8, suwic shi kansa da asarar da yake yi mu ce 9. Wat 80 kenan. UPS zai ɓata wani kaso wajen mayar da 12V zuwa 230V, don haka daga batir ana jan kusan wat 100, sama da amfiya 8. Ita kuwa 7Ah ɗin da aka rubuta an auna ta ne in ana tsotsar batirin a hankali cikin awa 20, in ka ja shi da ƙarfi haka rabi da ɗan wani abu zai ba ka. Sabo fil ba zai wuce rabin awa ba, wanda ya shekara a zafin ofis kuma minti 15 ɗin nan da kake gani daidai ne, ba a cuce ka ba.

Na 2000VA na kasuwa batir biyu ko huɗu ne ƙanana a ciki, zai ƙara maka awa ɗaya ko biyu ne kawai. Batun batirin mota kuma don Allah a bar shi. Cajar da ke cikin ƙaramin UPS ba ta da ƙarfin cika shi kafin a sake ɗaukewa, yawancinsu ba su da fanka don ba a yi su su yi awanni suna aiki ba sai taransifomar ta ɗau zafi, shi kuma batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙoƙi wajen tada inji, in kana sauke shi kullum ba zai daɗe ba. A wurin da aka jibge buhunan riɗi kuma, kai ma ka san sauran.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka raba kayan gida biyu. Hanyar alam daban, kyamara daban. Duba lissafin. Wat 80 na awa 24 ya kama wat-awa 1,920, in ka sa asarar inbata da abin da yake ci shi kansa ko ba a jona komai ba za ka haura 2,400. Batirin tubula 12V 200Ah a rubuce 2,400 ne amma rabi ake sha in ana so ya yi shekaru, sai biyu kenan. Litiyom ɗin da Ɗan Sola ya faɗa 2,560 ne, da ƙyar zai kai in babu rana. Amma hanyar alam kaɗai fa? Rauta wat 8, ƙaramin suwic maras PoE wat 3, jimla 11, sau 24 ya zama 264, ka ƙara kashi 25 cikin 100 na ko-ta-kwana ya zama 330. Litiyom 12.8V 30Ah ya ɗauke wannan, ko batirin jel 55Ah zuwa 60Ah. Kuma ba ka bukatar inbata ko kaɗan, rauta da ƙaramin suwic ai dama 12V ko ƙasa da haka suke sha, adafta ce take sauko musu da ita, meye amfanin ka ɗaga wutar batir zuwa 230 sannan ka sake sauko da ita kana asara hawa da sauka? Akwai akwatin wuta na 12V mai wurin jona batir wanda ake sa wa makullan ƙofa na lantarki da kyamarori, shi yake caji kuma in an ɗauke wuta babu ko ƙiftawa. Ka sa fiyus kusa da kan batirin, ka sa ɗan abin daidaita wuta tsakanin batir da rauta don lokacin caji wutar takan haura 14V, kuma ka karanta jikin adaftar kowanne tukuna don wasu ƙananan suwic 5V ko 9V ne. Sa'a ma ka yi rauta mai SIM ce, da babban Starlink ne da shi kaɗai zai ja wat 50 zuwa 100 ya rushe lissafin.

Yar_Poly

Salam. Ni alam nake haɗawa, kuma duk abin da Malam Mai Kebul ya faɗa haka yake, amma ni ta wani wajen zan ɓullo. Me ya sa tun farko za a bar saƙon alam ya dogara da suwic da rauta? Kusan duk akwatunan da ake sayarwa yanzu, Paradox ne, DSC ne, Hikvision ne, Ajax ne, ko dai sun zo da wurin SIM ko kuma ana sayen ɗan allon da ake ƙara musu. Wannan allon daga batirin akwatin yake shan wuta, wato muddin fitilar nan da maigadi yake gani tana kunne to saƙo zai fita, ko suwic ya mutu ko ɓera ya ci waya ko wani ya zare soket ya sa cajin wayarsa. Wayar netiwok ta zama hanya ta farko, SIM ta biyu, kuma a sa layin kamfanin da ba shi ne a cikin rauta ba, in rauta MTN ce a sa Airtel ko Glo, wanda dai ya fi kamawa a cikin ginin bayan an rufe ƙofofin ƙarfe. A cikin ginin za a gwada ba a tsakar gida ba, rufin kwano da tulin buhu suna cin sabis, wani lokaci sai an fito da eriya waje.

Awa 24 da kake so ba ka yi zari ba Malam, haka ma ƙa'ida take a wajen masu abin. A Amurka ƙa'idar alam ɗin gobara, NFPA 72, ta ce batir ya riƙe awa 24 yana jira sannan ya iya kaɗa jiniya na minti 5 a ƙarshe, kuma kayan da ke cikin ginin waɗanda saƙon yake bi ta cikinsu su ma ana so su samu wutar da za ta kai su wannan lokacin. Ta Turai ta alam ɗin ɓarayi, EN 50131, awa 12 ta sa wa mataki na 2 wanda shi ne na gidaje da ƙananan shaguna. Su fa kenan da wuta ba ta cika ɗaukewa ba.

Sai abu biyu da za ka sa a kunna maka a saitin akwatin. Na farko ya riƙa turo saƙo in wutar gari ta ɗauke da kuma in batirinsa ya yi ƙasa, amma a sa masa jinkiri kamar na rabin awa, in ba haka ba a garin nan wayarka za ta yi ta ƙara har ka gaji ka kashe sanarwar gaba ɗaya, ranar da abu na gaske ya faru ba za ka ji ba. Na biyu saƙon gwaji sau ɗaya a rana a lokaci sananne, ranar da bai zo ba ka san da matsala. Wannan saƙon yana da wani amfanin ma, layin da aka bari watanni ba a kira ba a tura saƙo ba a saka kuɗi kamfani yana rufe shi, na sha zuwa gyara in tarar alam lafiyarsa ƙalau SIM ɗin ne ya mutu tuntuni ba wanda ya sani. Kuma a yi rajistarsa da sunan Kawu ko naka da NIN, kar a bar shi da sunan yaron da ya zo haɗawa, kun ga yadda aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba a 2024.

Batirin cikin akwatin shi ma kar ka yarda da shi don kawai fitila tana ci. Irin waɗannan batiran an auna shekarunsu ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsu biyu. Kano a watan Afrilu waje ma yana haura 40, ina ga ƙarƙashin kwano. Wanda aka rubuta zai yi shekara 5 in ya yi 2 a sito ka gode Allah. Yana iya riƙe fitila har safe amma jiniya tana fara kuka ya durƙushe, don ita tana jan wuta sosai. Ka buɗe ka gani, in ya kumbura ko gefensa ya tsage a canja, sabon kuma a rubuta masa kwanan wata da maka a jiki.

Bakatsine

Ku dai kuna ta lissafin awa 24 kamar kun manta Oktoban 2024, da babban layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna yake lalace sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako a duhu. Wane batir ne zai kai wannan in ba abin da yake cika shi? Ko ƙaramin tsarin da Mai Kebul ya faɗa a sa masa fanel, 150W ma ya ishe shi har da rara ko da hazo. Kuma a ƙara wa maigadi albashi a saya masa tocila mai kyau, shi ba ya sauka daga layi 😂

Mai_Sito

Kai jama'a Allah ya biya ku. Malam Mai Kebul kamar kana wurin wallahi, wayoyin kyamara 5 ne kawai a suwic ɗin ofis sai wata ɗaya da ta fita ta taga ta bi katanga. Na sa tsani a ginin baya na tarar da shi an ɗaure da waya a jikin katakon rufi, ƙaramin suwic mai PoE, ƙura ta rufe shi, adaftarsa a soket ɗin da ke kusa da fitila. Kyamara 3 da wayar alam duk a cikinsa suke. Na auna da taku daga ofis zuwa wurin bai kai mita 70 ba.

Hajiya Yar Poly na buɗe akwatin, akwai wurin da aka rubuta GSM a allon amma ba komai a kai, batirin kuma gefensa ɗaya ya ɗan taso. To yanzu tambayata, shi wannan suwic ɗin na baya ya zan yi da shi, in jawo masa wuta ne daga ofis ko in sa masa nasa batirin a can? Sannan ba wanda ya ce komai a kan kukan da UPS yake yi in an tada janareta.

Mai_Kebul

Madalla. Tunda bai kai mita 70 ba abin ya zo da sauƙi, ka ja sabuwar waya ɗaya daga akwatin alam kai tsaye zuwa bayan rauta, ai tana da ramuka 2 ko 4 a baya. Shikenan alam ya fita daga harkar suwic gaba ɗaya, na baya da na ofis, abin da ya rage ka raya rauta kaɗai, wat 8 sau 24 bai kai 200 ba. Wayar ta zama ta waje mai baƙar riga ko a sa ta a fayif, kuma ka ce jan ƙarfe zalla kake so, akwai mai arha da ake rubuta CCA a kwalinta, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare da wuƙa za ka ga fari. Ga alam za ta iya yi, amma in PoE ne tana zubar da wuta a hanya, shi ya sa za ka ga kyamara lafiya da rana amma dare na yi fitilunta suka kunna sai ta riƙa mutuwa tana tashi.

Kyamarorin baya kuma hanya biyu ce. Akwai ƙaramin suwic da ba shi da adafta sam, daga wayar da ta taso daga ofis yake shan wuta ya kuma raba wa kyamarori, sai ya zama batir wuri ɗaya kawai kake kula da shi. Amma a yi lissafi, ramin PoE na tsohuwar ƙa'ida 802.3af wat 15.4 yake bayarwa, abin da ke isa ƙarshen waya 12.95, wannan ba zai ɗauki kyamara 3 ba. Na 802.3at yana ba da 30, 25.5 ke isa, kyamara 3 a wat 6 da suwic ɗin kansa sun kai 21, zai yi amma a matse, ba wurin ƙara ko ɗaya. Sai 802.3bt mai 60 zuwa 90 shi ne da yalwa. Ka duba takardar jikin suwic ɗin ofis ka ga wanne ne, ka kuma duba jimlar wat ɗin da zai iya bayarwa gaba ɗaya don ita ma tana da iyaka. Hanya ta biyu a jawo wutar 230V daga inbatan ofis da waya mai kyau a fayif da nata birekar, wannan kuma aikin mai wayarin ne ba na yaron shago ba. Batir a saman rufin can dai ban ba ka shawara ba, zafi zai kashe shi kuma ba mai hawa ya duba.

Tunda waya tana tsallaka gini zuwa gini a sa mata abin kare tsawa a kowane ƙarshe a haɗa shi da sandar da aka binne a ƙasa, damina ɗaya tana iya cinye maka suwic da NVR tare.

Janareta kuma, UPS yana duba wutar da ke shigowa ne, ƙarfinta da kuma bugunta wanda ya kamata ya tsaya kusa da 50Hz. In injin gyaran riɗi ya ɗauka janareta yakan nutse sannan ya yi sama, sai UPS ya ga wutar ba ta yi masa ba ya koma batir, ta daidaita ya dawo, wannan ƙas-ƙas ɗin kenan. Illar ita ce yinin da kake zaton yana caji sauke batirin yake yi, dare ya same shi rabi. Sitabilaiza ba ta gyara bugun wuta, ƙarfinta kawai take gyarawa. Akwatin 12V ɗin da na faɗa maka bai damu da wannan ba sosai, yawancinsu suna karɓar 50 da 60 duka.

Dan_Sola

Toh naji, maganar suwic din baya kam Oga Mai Kebul ka gano abinda ban gani ba. Amma fa kar a maida kyamara kamar kwalliya. Alam zai gaya maka an shiga, bazai gaya maka waye ba, kuma satar sito yawanci ba balle kofa akeyi ba, buhu biyu uku ne suke fita ta hannun wanda yasan lokacin da kyamara take mutuwa, kuma duk wanda yake aiki a wurin yanzu ya riga yasan minti 15 ne. In Kawu zai iya a sa duka biyun, karamin 12V din na rauta da kuma inbata na kyamara da NVR. Amma banda fitilun harabar dana fada dazu, a barsu a wani layin, kuma soket din inbata a rufeshi a akwati da kwado dan wlh sai ka tarar an jona hita ana dafa shayi. Wajen saye ka tambayi nawa inbatan yake ci in ba kaya akansa, wasu 20W wasu har 50W, akan kayan 80W wannan ba karamin abu bane shiyasa nace karami ba 5kVA ba. Sannan a saitinsa a sashi a yanayin UPS, shine yake canjawa zuwa batir cikin kamar 10ms wato kashi 10 cikin 1000 na dakika, daya yanayin yakan kai 20ms kuma wani NVR din sai ya mutu ya sake tashi duk sanda aka dauke ko aka kawo, faifan ne yake shan wahala. Litiyom din kuma LiFePO4 zaka ce, kar a hada maka da wanda aka harhada da tsofaffin batiran laftof.

Yar_Poly

Wannan batirin da ya taso a cire shi yau Malam, kar a jira sauran aikin. In an gama haɗa komai kar ka sallami mai aikin sai kun gwada tare: a kashe babban makunnin wuta na gidan duka, ba zare filogi ɗaya ba, a kunna alam a buɗe ƙofar baya a ga saƙo ya shigo wayarka da ta Kawu. Sannan a zare wayar netiwok daga akwatin a sake buɗewa, wannan karon ta SIM zai fito, ka duba minti nawa ya ɗauka don wasu akwatunan sai sun jira kafin su haƙura da hanyar farko kuma ana iya rage wannan jiran a saiti. Bayan nan ka bar wutar a kashe har washegari ka sake buɗe ƙofar da asuba kafin rana ta hau kan fanel. Ka faɗa wa maƙwabta tukuna kafin a saki jiniya.

Mai_Sito

In sha Allahu haka za a yi Hajiya. Na kai wa Kawu lissafin a takarda, ya amince da allon SIM da sabuwar waya da akwatin 12V da fanel ɗinsa yanzu, inbata kuma ya ce sai an fitar da riɗin da ke ƙasa. Malam Mai Kebul na duba jikin suwic ɗin ofis an rubuta 802.3af/at, jimla 120W, gobe zan ɗauko hoton adaftar rautar in sa a nan ku duba min ko 12V ce.